Ba Kano na tafi ba

Kusan shekara biyu mahaifina yana gaya wa mutanen masallacinmu cewa na koma Kano karatu. Duk wanda ya tare shi bayan sallar Juma'a ya ce, “Alhaji, ina yaron nan naka, kwana biyu?” sai ya ce ina gida wajen kawunnaina, ana ƙara mini ilimin addini. A daidai lokacin ina gidan yari can arewacin jihar New York, tafiyar awa shida ko fiye a mota daga unguwarmu ta Bronx a birnin New York. Can sanyi ke shiga ƙashi tun watan Oktoba. Ban ga laifin Baba ba, kuma har gobe ba zan gani ba. Rufin asiri shi ne kaɗai abin da ya rage a hannunsa da zai iya yi mini, ya kuwa yi shi da dukan ƙarfinsa.

A Fagge aka haife ni. Baba ya samu bizar ƙuri'a da Amurka ke rabawa a lokacin, ya zo ya kama tuƙin tasi, ya yi ta tara kuɗi da cike takardu har ya ɗauko mu, ni da Umma da ƙannena, a 2001. Shekarata 15 a lokacin. Ni ne ɗan fari, saboda haka bai taɓa kiran sunana ba, sai dai “kai” ko “yaron nan”. Shekara guda bayan isowarmu ya yi rantsuwar zama ɗan ƙasa, kuma akwai dokar da ta fara aiki ranar 27 ga Fabrairu, 2001, wadda ta ce yaron da bai kai 18 ba, yana da katin zama na dindindin, yana hannun iyayensa a ƙasar, to da zarar ɗayansu ya zama ɗan ƙasa shi ma ya zama. Ban san darajar wannan ba sai da na ga abin da ya sami abokina, wani ɗan Nijar da aka kama mu a kan laifi iri ɗaya. Shi katin zama kawai gare shi. Yana gama wa'adinsa jami'an shige da fice suka karɓe shi daga ƙofar gidan yari, aka sa shi a jirgi. Sayar da ƙwaya yana cikin laifukan da ba a cika yi wa baƙo sassauci a kansu ba. 'Yarsa tana nan Bronx, ta girma ba shi.

Yadda na faɗa shaye-shaye ba wani dogon labari ba ne. Ina aikin sauke kaya a wani rumbu na ji ciwo a baya, likita ya rubuta mini oksikodon, ƙwayar kashe ciwo mai ƙarfi. Ciwon ya tafi, ƙwayar ba ta tafi ba. Da takardar likita ta ƙare na koma saye a titi, da ta yi tsada na koma hiroyin, da albashi ya kasa na fara sayar da 'yan ƙulli don in samu nawa. A 2011 na miƙa wa wani mutum ƙulli biyu, ashe ɗan sandan farin kaya ne. A dokar jihar wannan babban laifi ne mai daraja ta B. An sassauta tsofaffin dokokin ƙwaya na zamanin gwamna Rockefeller a 2009, aka bai wa alƙalai ikon tura mai shaye-shaye gidan magani a maimakon kurkuku, kuma alƙalin ya ba ni wannan damar. Wata huɗu na yi na gudu. Da aka sake kama ni aka yanke mini shekara biyu. Wannan laifina ne ni kaɗai, ba na rataya shi a wuyan kowa.

A ciki na haɗu da mutumin da ya sauya mini hanya, wani dattijo baƙar fata da ke jagorantar zaman tattaunawa na masu shaye-shaye. Ranar farko na zauna na harɗe hannu, ina kallonsa kamar duk sauran ma'aikatan da suka karanta mu a littafi. Bai ce mini komai ba. Da aka tashi sai ya naɗe hannun rigarsa yana tattara kujeru, na ga tabon allura jere a damtsensa, tsofaffi, sun yi fari. Daga ranar na fara buɗe baki. Shi ya fara gaya mini cewa akwai takardar shaidar aiki da jihar ke bayarwa ga masu ba 'yan shaye-shaye shawara, ana ce mata CASAC, kuma shi ma da tabon ɗauri a sunansa ya same ta. Ya ce, “Za su tone ka har ƙasa. Kada ka bari su tono abin da ba kai ka fara nuna musu ba.” Na ji maganar, amma ban riƙe ta ba.

Na fito a farkon 2014. Na yi wankin mota, na yi goge-goge a wani kanti, ina zuwa wajen jami'in da ke sa mini ido ana gwada fitsarina. Da wa'adin sa-idon ya ƙare na shiga makarantar dare. Sharuɗɗan takardar a bayyane suke: awa 350 na karatu a aji, sai awa 6,000 na aiki a ƙarƙashin kulawar wani ƙwararre ga wanda ba shi da digiri, wato kamar shekara uku cur, a ciki har da awa 300 na horo na musamman, sannan jarrabawa. Wanda ya gama awa 350 yana iya neman takardar ɗan koyo, wadda ke aiki shekara biyar, da ita ake samun gurbin tara sauran awoyin. Hukumar jihar mai kula da harkar shaye-shaye, OASAS, ita ke bayarwa, kuma kafin ta bayar sai an ɗauki zanen yatsun mutum an aika ma'ajiyar bayanan laifuka ta jihar da kuma FBI, hukumar binciken laifuka ta ƙasa. A ajinmu kusan duk wanda ka taɓa yana da wani abu a baya. Lokacin shan shayi ba a maganar darasi, tambaya ɗaya ce ke yawo: “Kai naka wane iri ne? Shekara nawa da yi? Kana ganin za su bari?”

Amsar tana cikin wata doka ta 1976, sashe na 23-A na dokar gyaran hali ta jihar, wadda na haddace kamar karatun allo. Ta hana a ƙi ba mutum lasisi ko aiki don kawai an taɓa yanke masa hukunci, sai in laifin yana da alaƙa kai tsaye da aikin, ko kuwa ɗaukarsa zai jefa mutane ko dukiya cikin haɗarin da hankali ba zai ɗauka ba. Ta kuma jera abubuwa takwas da dole a auna, ciki har da shekarun da suka wuce tun aikata laifin, shekarun mutum a lokacin, girman laifin, irin aikin da zai riƙe, da duk shaidar da ya kawo cewa ya gyaru. Wurin da ya hana ni barci shi ne “alaƙa kai tsaye”. Na sayar da hiroyin, ga shi ina neman a bar ni in zauna a ɗaki ni da mai shan hiroyin, a ginin da ake ajiye metadon, maganin da ake ba masu barin hiroyin. In mutum yana neman dalilin hana ni, ba sai ya wahala ba. Ni kuma na san abin da ya sa yaro ɗan shekara 20 zai saurare ni shi ne wannan tarihin, kamar yadda tabon hannun dattijon nan ya sa na saurare shi. Abin da ke takardata a matsayin tabo, shi ne jarina a ɗakin shawara, kuma har yau ban ga yadda za a raba su ba.

A nan na yi kuskuren da ya kusa cinye ni. A bayanin da na rubuta wa hukumar game da tarihina na faɗi babban laifin dalla-dalla, amma na tsallake wani na 2009, lokacin da aka kama ni da 'yar ƙwaya a aljihu, na amsa laifi, aka ba ni aikin shara na 'yan kwanaki. Na ce wa kaina ƙarami ne, ya wuce, wa zai tuna. Gaskiyar ita ce kunya na ji. Laifi ɗaya yana kama da tuntuɓe, biyu kuwa sun fara kama da hali.

Na dawo daga aiki wata Laraba na tarar da wasiƙar hukumar a kan teburin kicin, Umma ta ɗora mata kwalbar yaji don kada ta faɗi. Na buɗe a tsaye. Layi biyu ne a tsakiyar shafin, kowanne da kwanan wata da lambar sashen doka, na 2009 a sama, ɗayan a ƙasa. Ana neman in kawo takardun kotu a kan duka biyun, da bayani, da duk wata shaidar gyaruwa, cikin wa'adin da aka ɗiba. Ba zagi, ba barazana. Amma na ji kamar an kwance mini zani a kasuwa, domin duk wanda ya ɗora bayanina kusa da wannan shafin zai ga mutumin da ya faɗi rabi ya ɓoye rabi. Umma tana soya albasa, ta juyo ta dube ni ta ce, “Lafiya?” Na ce lafiya lau. Ta kashe wutar ta ce, “Zauna ka gaya mini.” Ramin ƙarya ƙurarre ne, mun sani tun muna yara, amma sai da na gan shi da lambar sashen doka na yarda.

Washegari na je kotun laifuka da ke titi na 161, na bi layi, na biya dala 10 a kan kowace takardar da ke nuna yadda shari'a ta ƙare. Na sake rubuta bayanin daga farko, na fara da cewa na ɓoye laifin 2009 kuma ba mantuwa ba ce. Wata lauya a ofishin da ke taimaka wa marasa ƙarfi kyauta ta karanta ta ce kada in goge wannan jimlar. Ita ta nuna mini wata takarda da ban san da ita ba, wadda ke ɗage wa tsohon ɗan kurkuku wasu takunkuman da hukunci ya jawo masa. Mai babban laifi ɗaya kacal yana iya nema, ƙananan laifuka ko nawa ne ba sa hanawa, kuma tunda a gidan yarin jiha na yi zama, hukumar gidajen yarin zan nema wa, ba kotu ba. Wanda manyan laifukansa suka kai biyu sai dai ya nemi takardar shaidar kyakkyawan hali, ita kuma sai an jira shekara uku ko biyar gwargwadon nauyin laifin. Ko ɗaya ba ta goge tarihi. Abin da take yi shi ne ta sa doka ta ɗauka mutum ya gyaru, sai mai musu ya kawo hujja. Na nemi ta farkon, aka turo jami'i ya zo har gida ya ga inda nake kwana, bayan watanni ta fito.

Saura wasiƙun shaida. Ina da ta malamin ajinmu, da ta mai kantin da nake wa aiki, da ta wanda ke riƙe da ni a zaman masu murmurewa. Lauyar ta ce a samu ta wani da ya san ni tun kafin in lalace kuma yana ganina yanzu, wani mai mutunci a cikin jama'ata. Mutum ɗaya ne wannan: limaminmu, wanda ya koya mini Ahalari da Ishmawi a ɗakin ƙasa na masallaci, wanda na shekara uku ina share masa harabar duk Asabar tun fitowata. Shi kuwa abin da ya sani, Kano na je.

Na sami Baba da dare yana lissafin kuɗin mai a kan gado. Na durƙusa na ce, “Baba, akwai maganar da nake so ku ba ni izini a kanta.” Na faɗa masa. Ya daɗe bai ɗago ba. Sannan ya ce, “Kai, shekara nawa ina rufa maka asiri, yanzu kai da bakinka za ka je ka tone?” Na ce, “Baba, ba za su ba ni aikin nan ba sai wani ya shaide ni, kuma Malam ba zai shaidi abin da bai sani ba.” Ya ce ƙannena mata fa, wa zai aure su. Ban da amsa, domin tambayar gaskiya ce, na san yadda magana ke tashi daga Bronx ta sauka Fagge kafin gari ya waye. Na tashi na bar shi. Kwana uku ba mu yi maganar ba. Ranar ta huɗu bayan Asuba, muna saka takalma a ƙofar masallaci, ya kama hannun rigata ya ce, “Zo.” Shi ya shige gaba zuwa ɗan ofishin Malam. Ya zauna a ƙasa, abin da ban taɓa ganin ya yi a wurin ba, ya ce, “Allah gafarta Malam, na yi maka ƙarya, na yi wa jama'a. Yaron nan ba Kano ya je ba.” Muryarsa ta karye a kan “Kano”. Malam ya bari ya gama tsaf, ya ce, “Alhaji, na sani. Ai ni ma ina da 'ya'ya.” Ya jawo takarda ya tambaye ni sunan wanda za a rubuta wa.

Na ga wasiƙar kafin ya rufe ta. Bai ce ni mutumin kirki ba ne. Ya rubuta ranar da ya fara ganina, da lokacin da na ɓace, da Asabar nawa na zo shara, da cewa ya ba ni makullin akwatin sadaka tun bara kuma ko sisi bai taɓa ɓata ba. Lauyar ta ce ita ce mafi ƙarfi a cikin fayil ɗin gaba ɗaya, don abin da ake nema ke nan, abin da za a iya ƙirgawa.

Takardar ɗan koyo ta fito a 2017, amma tsugune ba ta ƙare ba. Lasisi daban, aiki daban, kuma kowane wurin aiki sai an sake ɗaukar yatsu. Wata cibiya ta yi mini tayin aiki, har an nuna mini teburina, bayan mako biyu aka kira aka ce an fasa. Doka ta ba ni ikon neman dalili a rubuce, su kuma dole su amsa cikin kwana 30. Na nema. Suka ce shekarun da suka wuce ba su isa ba ga wurin da ake ajiye magunguna. Ya yi mini ciwo ƙwarai, na yi kwana biyu ban fita ba, kuma a daren farko na san sarai wace kusurwa zan je in na so. Na kira wanda ke riƙe da ni, ya zauna da ni a waya har ƙarfe uku. Mutane ba su san wannan ɓangaren ba: watannin jiran amsa da ranakun da ake ce maka a'a su ne daidai lokacin da mai murmurewa ya fi kusa da komawa. Wata cibiyar ta ɗauke ni bayan wata biyu. Shugabar wurin ta karanta fayil ɗin a gabana, shafi bayan shafi, ta ce, “Litinin, ƙarfe takwas.”

Awa 6,000 ba wasa ba ce, ga annobar korona ta shigo tsakiya, muka koma yi wa mutane magana ta waya suna kulle a ɗaki su kaɗai, ga fentanil, ƙwayar da ta fi hiroyin ƙarfi, ya cika gari. A 2022 sama da mutum 3,000 ƙwaya ta kashe a birnin New York, kuma Bronx ce kan gaba in aka auna da yawan jama'a. Wasunsu na san sunayen 'ya'yansu. Na zauna jarrabawar a 2021, tambaya 150 cikin awa uku, na ci. Da takardar ta iso Baba ya kai ta aka sa mata gilashi, ya rataye ta a falo kusa da hoton Ka'aba.

Na san na yi sa'ar jiha. A Amurka kowace jiha da dokarta, wanda aka bari a nan ana iya hana shi in ya tsallaka iyaka. A jihar Bajiniya, a 2021, akwai jerin laifuka 176 da ke toshe wa mutum irin wannan aikin, wasu har abada. Wani mai suna Rudy Carey ya shekara biyar yana ba masu shaye-shaye shawara a can, ana yabonsa, sai aka sallame shi saboda hukuncin da aka yanke masa tun 2004 kan dukan ɗan sanda, lokacin yana fama da shaye-shaye. Ya kai ƙara a 2021, kuma sai da gwamna ya yi masa afuwa a 2023 hanyar ta buɗe masa. Ni ban ce a daina bincike ba. Mutanen da ke zuwa wurinmu suna zuwa ne a lokacin da ba sa iya kare kansu, akwai kuma laifukan da ni kaina ba zan yarda a bar mai su shi kaɗai da ƙanwata ba. Abin da nake cewa a buɗe fayil a karanta, a dubi mutumin da shekarunsa da abin da ya yi tun daga lokacin, kada jerin sunayen laifuka ya yanke hukunci shi kaɗai.

Jiharmu ta yi sabuwar doka da ta fara aiki a Nuwamban 2024, wadda ke rufe tarihin ƙananan laifuka bayan shekara uku, mafi yawan manya kuma bayan takwas, in mutum bai sake yin wani ba. Ƙanina ya kira ni da murna ya ce shi ke nan na huta. Na ce masa za ta taimaka wajen neman hayar gida da ayyuka da yawa, amma ba ta rufe wa hukumomin da doka ta ɗora wa binciken zanen yatsu ido ba, irin masu kula da aiki da yara da marasa lafiya. A sana'ata layukan nan biyu za su ci gaba da fitowa duk ranar da na nemi sabon wuri. Ina da jaka shuɗiya a ƙasan gado, takardun kotu da wasiƙar Malam da komai suna ciki, a shirye.

Ƙannena duk sun yi aure. Maganar ta zaga masallaci kamar yadda Baba ya ji tsoro, wasu sun ja baya da mu na ɗan lokaci. Sai kuma wani abu ya fara faruwa. Bayan sallar Isha'i mutum zai jira kowa ya watse, ya biyo ni har bakin mota, ya fara da gaisuwa mai tsawo, ya tambayi Alhaji, ya tambayi aiki, sannan ya rage murya ya ce, “Ɗan'uwa, akwai wani yaro, ɗan wani abokina ne.” 'Yan Kumasi, 'yan Damagaram, 'yan Kano, duk da ɗan aboki suke farawa. Ba na ƙaryata su. Ina da nalokson a aljihun mota, maganin da ake fesawa a hanci ya farfaɗo da wanda ƙwaya ta ɗauke wa numfashi, sai in ɗauko kwali ɗaya in nuna masa yadda ake yi, in ce ya ajiye a gidan abokin nasa, inda uwar yaron za ta iya kaiwa da sauri.

Makon jiya Baba ne da kansa ya kawo mini wani. Dattijo ne sa'ansa, tare suka yi tuƙin tasi. Suka shigo falo, Umma ta kawo shayi ta fita. Mutumin ya fara cewa ɗansa ya tafi gida hutu, Baba ya dafa gwiwarsa ya ce, “Alhaji, bar wannan. Gaya wa yaron nan inda yake.”